Gwaggo Mai Kamfanin Agwagwa

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta da ke bayan masallacin Koudoukou, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta. Na ɗauki alƙalami ne don kada jikokinta su tashi ba su san ko wace ce ita ba. Zan faɗi abin da na gani bi da bi, don ban iya magana a hargitse ba.

Da muka dawo daga maƙabarta na tarar ƙofar gida ta toshe. Ba mutane ne suka toshe ta ba, katan-katan ne na sabulu. Masu shagunan Kilomita Biyar, unguwarmu a nan Bangui, sun zo gaisuwa, kowa da katan ɗinsa, wani a bayan babur, wani a baro, wani a ka. Abin da na sani ana kaiwa gidan rasuwa shi ne shinkafa, ko sukari, ko goro. Ban taɓa ganin an kai sabulu ba. Kuma duk iri ɗaya ne, wanda ake kawowa daga Najeriya, mai hoton agwagwa a jikin kwali.

Na ce, "Wannan kuma mene ne? Gidan makoki ne ko sito?"

Wani dattijo mai shagon tireda a bakin titi ya matso, idanunsa jawur. Ya ce, "Kayanta muka kawo mata. Shekara nawa tana shigowa shagona tana wanke ni tas a kan sabulun nan? Yanzu wa zai yi mini faɗa?" Sai kuka ya ƙwace masa. Bai gama share hawaye ba dariya ta kama shi, na kusa da shi ma suka ɗauka, har malamin da ke jan addu'a ya sunkuyar da kai yana gyara rawani, kafaɗunsa na rawa.

Cikin gida ya fi waje. Mata sun cika tsakar gida, wasu na kuka da Hausa, wasu da Sango, yaren ƙasar nan. Babbar 'yar Gwaggo ta ja ni gefe ta ce da sabulun nan aka yi mata wanka, don tun da ranta ta ce kada a kuskura a taɓa ta da na wani kamfani. Ina shirin fita sai aminiyar Gwaggo, wata tsohuwa daga unguwar Kokoro da suka tashi tare tun suna 'yan mata, ta riƙe mini hannun riga.

"Baban Gwaggo, yau ja ne ko kore?"

Haka suke kirana, don sunan mahaifinta gare ni, ita kuwa ba ta taɓa kama sunan ba, Babana take cewa. Na ce wa tsohuwar, "Haba Inna! Ƙasar maƙabarta ba ta bushe a ƙafata ba."

Ta ce, "Ai ba don kaina na tambaya ba. Ita ce ta tafi yau ba ta ji ba."

Ban duba ba. Amma a nan aka ɗora mini abin da ya hana ni sakat har sadakar arba'in. Gwaggo ta bar ƙungiyar mata masu zuba kuɗi ana saya musu hannun jari a kasuwar Legas, kuma wayar da ake duba farashi da ita a aljihuna take. Matan suka ce ranar arba'in za su taru in faɗa musu matsaya: ko in ci gaba da riƙe musu, ko a sayar da komai a raba a watse. In na ajiye babu mai ɗauka, don ni kaɗai na san kan wayar. Ni kuwa tun a maƙabarta na yanke shawara. Sayarwa zan yi in huta.

Yanzu sai in koma farko.

Gwaggo haifaffiyar Bangui ce. Mahaifinta Bahaushe ne da ya zo fatauci ya zauna, mahaifiyarta kuwa 'yar bakin kogi ce. Shagon atamfa take da shi, kuma daga nesa ana jin muryarta tana ciniki. A shekarun rikicin nan da ba ma son tunawa, lokacin da muka kasa fita daga unguwa, shagon ya ƙone ƙurmus, ko ƙyalle ba a fitar ba. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta kafa kasko a ƙofar gida ta fara soya makara, fanken nan namu na Bangui. Sai dai ta daina dariya, ta daina faɗa da kowa, kuma ga wanda ya san ta na biyun ya fi ban tsoro.

Bayan an samu lafawa, wani ɗan kasuwa daga Kano ya zo da kayan masarufi, ya zauna a unguwa, har ya auri ƙaramar 'yarta. Wata rana da yamma ina zaune a wurin, shi yana gefe a kan benci yana kallon waya yana tsaki. Gwaggo ba ta cika yi masa magana ba saboda kunyar da ke tsakanin suruka da siriki, amma tsakin ya ishe ta.

Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Wa ya mutu?"

Ya ce, "Ba kowa, Inna. Jarina ne ya sauka."

"Ina shagon yake?"

"Babu shago. Ɗan wani yanki ne na kamfani na saya a kasuwar Legas. In kamfanin ya ci riba a ba ni rabona. In mutane na rububinsa farashi ya hau, in sun guje shi ya sauka."

Ta juya makara sau ɗaya, sannan ta ce, "In aka cinna wa unguwar nan wuta fa?"

"Ba abin da zai same shi, Inna."

Ta ajiye matsami. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi, kunyar surukuta ta tafi inda ta tafi. Ta ce, "Sake faɗa."

Ya sake faɗa. Makarar ta ƙone baƙa ƙirin a kasko, hayaƙi ya tashi, ita kuwa tana tafa hannu tana dariya. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin gobara.

Daga baya sirikin ya koma Kano da matarsa. Shi ke kai saƙonmu ga dillali a can, ni kuma aka ɗora mini karatun waya a nan, saboda aikina kula da sito ne a wani babban shagon sari, kuma an san ba na wasa. Ban nema ba. Ta ce, "Babana, kai za ka riƙe," shi ke nan.

Abu na farko da ta yi shi ne zuwa zauren malamin unguwarmu, ta ja ni in zama shaida. Malam ya ce matuƙar kamfanin ba na giya ba ne, ba na caca ba, ba na cin kuɗin ruwa ba, to tarayya ce a cikin kasuwanci kamar kowace tarayya.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta in roƙi Allah farashi ya hau?"

Ya ce, "Ki roƙi albarka."

Ta ce, "To in roƙi albarka mai hawa."

Abu na biyu shi ne zaɓen kamfani. Sirikin ya aiko da sunaye da yawa, ta ce ba ta sayen abin da ba ta taɓa da hannunta ba. Duk kamfanin da kayansa ba sa zuwa Kilomita Biyar ta soke shi. Saura na taliya da na sabulu. Ta dafa taliyar ta ɗanɗana, ta ture kwanon, ta ce ta caɓe. Sabulu kuwa ta sayo kala-kala, ta yayyaga tsumman da take goge kasko da shi, ta wanke kowane yanki da sabulunsa, ta shanya a igiya, ta kira maƙwabta su yi alƙalanci. Mai agwagwa ya ci. Ya kamata in rubuta gaskiya: daga baya kamfanin taliyar ya hau ya bar na sabulu a ƙasa nesa ba kusa ba. Da na faɗa mata ta ce, "Su je su yi ta hawa. Ni ba na tarayya da masu caɓaɓɓiyar taliya."

Tun ranar da sirikin ya aiko cewa an saya, Gwaggo ta zama mai kamfani. Ba da wasa take faɗa ba. Kullum in ta sauke kasko sai ta yafa mayafi ta bi shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sallama mai tsawo. Kai tsaye take zuwa kantar shagon, ta jawo kwalayen sabulun gaba, ta goge ƙura da bakin mayafi, ta tura na sauran kamfanoni baya.

Ta kan ce wa dattijon nan mai tireda, "Alhaji, me agwagwata ta yi maka ka juya mata fuska bango? Juyo da ita ta kalli titi!"

Shi kuma ya ce, "Hajiya Mai Kamfani, in kin matsu ki biya kuɗin hayar shagon mana."

"Zan biya ranar da ka koyi share kanta. Dubi ƙura kamar kabarin da ba shi da dangi!"

Da farko masu shaguna sun ji haushi. Daga baya suka lura duk shagon da ta yi wa faɗa sai mata su cika shi don jin me za ta ce, kuma ba sa fita hannu sake. Har aka fara aiko mata da babur daga shagunan da ta tsallake.

A nan ne muka fara saɓani. Gwaggo ta yi imani cewa cinikin Kilomita Biyar shi ke ɗaga farashi a Legas. Agogonmu ɗaya da nasu, don haka in rana ta ɗaga kasuwarsu ta buɗe sai in fito daga sito in zo ƙofar gidanta. Tana hango ni za ta ɗaga matsami ta ce, "Babana, kamfanina ya kwana lafiya?" In lambobin wayar kore ne, ya hau ke nan. Sai ta miƙe ta ce da Sango, "A londo!", wato ya tashi, ta rangaɗa guɗa, masu babur su danna ham, masu jiran makara su sami gyara. In kuwa ja ne, sai ta bi matan da ke wurin da kallo, daga ɗankwali har zane.

"Wace ce ba ta yi wanki ba jiya? Ke, wannan zanen tun shekaranjiya nake ganinsa a jikinki. Ku ne ke kashe mini kamfani!"

Na zaunar da ita ba sau ɗaya ba. Na ce, "Gwaggo, ki saurare ni. Na farko, Legas ba su san akwai wani wuri wai shi Kilomita Biyar ba. Na biyu, duk sabulun da muke saye a nan bai kai abin da ke zubewa a ƙasan motarsu ba. Na uku..."

Ta ce, "Babana, kai sito ka sani, ni kasuwa na sani. Ajiye na ukun, ka ci makara."

Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne kasuwar ba ta ci Asabar da Lahadi. Ta ce ba ta taɓa jin kasuwar da ke rufewa ranar Asabar ba, ranar da kowa ke da kuɗi a hannu, lallai ragwaye ne. Ranar Juma'a kuwa ita ce ba ta yarda a duba sai an sauko daga masallaci.

Guɗar nan ita ta jawo mata. Matan da suka yi asara irin tata, waɗanda suka daɗe ba sa leƙo ƙofar gida, suka fara fitowa da hantsi don jin ja ne ko kore. Sannu a hankali adashin da suke yi ya juye: maimakon wata ta kwashe, sai a haɗa zubin a aika Kano a ƙaro hannun jari. Na kafa sharaɗi a yi komai a gaban shaidu, aka yi. Ƙofar gidan Gwaggo ta koma kamar tasha.

Sai rigimarmu babba.

Wata shekara farashin ya yi ta hawa, mako bayan mako, kore a kan kore. Gwaggo ta kasa zama. Ta sayi rago, aka tuƙa gozo, tuwon rogon nan, aka dafa shinkafa, aka kira unguwa. Ta sa sabuwar atamfa, ta farko tun bayan gobara. Ana tsakiyar ci sai wani mai canji, mutumin Nijar da ke zama kusa da sitonmu, ya karɓi wayar ya duba, ya daina tauna.

Ya ce, "Hajiya, wannan lambar da naira take fa."

Ta ce, "To da me za ta kasance, da kuɗin wuri?"

Ya ce, "Ai naira ta faɗi. In kika sayar yau kika juya zuwa sefa, abin da zai shigo hannunki bai kai wanda kika zuba ba."

 Mu a nan da sefa muke ci, da sefa muke sha, amma duk watannin nan naira muke yi wa guɗa. Na jira baƙi suka watse, sannan na faɗa mata abin da ke raina: a sayar, a mayar wa mata abin da ya saura, a daina wannan biki.

Ta ce, "Kamfanin ya daina yin sabulu?"

Na ce, "Bai daina ba."

"Sabulun ya daina kumfa?"

"Gwaggo, ba maganar kumfa ake ba."

"To ba kamfanina ne ya faɗi ba, kuɗinsu ne ya faɗi. Su je su ɗaga kuɗinsu. Kai kuma tunda zuciyarka ta sito ce, je ka kulle ta da kwaɗo."

Na tashi na fita. Kusan wata guda ban taka ƙofarta ba, ita ma ba ta aiko ba. In na wuce sai ta juya wa titi baya. Matan suna taruwa da hantsi kamar kullum, su zauna, babu mai karanta musu. Wata safiya na zo buɗe sito na tarar da ƙunshi a bakin ƙofa: rigunan aikina ne da matata ta ba Gwaggo a ɓoye, an wanke su fes, an goge, suna ƙamshin agwagwa, ga makara mai zafi a kai. Na koma da hantsi. Tana hango ni ta ɗaga matsami kamar jiya muka rabu.

"Babana, kamfanina ya kwana lafiya?"

Na ce, "Zan faɗa, amma daga yau da sefa zan faɗa."

Ta ce, "Faɗi ko da Larabci ne."

A cikin wannan faɗuwar ne wani abu ya faru da ba zan tsallake ba. Akwai wata matashiya a ƙungiyar, mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ɗaya ya kwanta asibiti. Ta zo ta ce a sayar da nata. Na faɗa mata gaskiya, cewa a yau asara za ta yi. Gwaggo ta ce, "Ba sai an je Legas ba, ga mai saye a zaune." Ta shiga ɗaki ta fito da 'yan kunnenta na zinariya, su kaɗai suka tsira daga shekarun can don suna kunnenta, ta aika aka sayar, ta biya yarinyar daidai abin da ta zuba tun farko.

Na ce, "Gwaggo, ba haka farashin yake ba."

Ta ce, "A Legas ke nan. A ƙofar gidana bai faɗi ba."

Da abubuwa suka gyaru, rabon riba ya zo, ta kira yarinyar ta ce ta karɓi kayanta, ajiya ce dama. Yarinyar ta durƙusa tana godiya da Sango, tana ta "singila, singila," Gwaggo ta ce ta tashi ta je ta yi wanki.

Ranar da za ta rasu na shiga gaishe ta da safe. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai. Ta ce, "Babana, ya kwana lafiya?" Na ce ba a buɗe ba tukuna. Ta ce, "Ragwaye." Ita ce kalmarta ta ƙarshe gare ni, sai kalmar shahada da 'yarta ta ji. Ta cika kafin su buɗe.

Wannan ke nan. Sai kwanakin makoki.

Sabulun da aka tara muka rabar sadaka, masallatai da asibiti da gidajen marasa ƙarfi. Sai abin ya zama yayi. Duk wanda ya tuna Gwaggo sai ya shiga shago ya sayi mai agwagwa ya bayar. Masu babur suka haɗa kuɗi suka saya. Matan Kokoro suka zo a ƙungiya suka kwashe na layinmu. Har maƙwabtanmu Kiristoci da ke sayen makararta suka shigo unguwa neman sa. Kafin arba'in babu ko ƙwaya ɗaya a Kilomita Biyar, maigidana mai shagon sari ya yi ta waya a turo mota. Igiyoyin shanya suka cika, ko'ina ƙamshi. Ban taɓa ganin unguwarmu da tsabta haka ba.

Ni kuwa ina duba waya kullum, don amana ce. Farashi sauka yake yi.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a an raba sadaka maza sun watse, matan suka zauna a ƙofar gida inda kaskon yake. Sun yi kwalliya kamar masu zuwa suna. Aminiyar Gwaggo sai murza hannu take, tana cewa yau Legas za su san an yi rashi. Na miƙe tsaye.

Na ce, "Zan yi magana uku, kada a katse ni. Ta farko, rabon Gwaggo na magada ne, an kasa shi yadda shari'a ta ce. Ɗanta ya ce a sayar da nasa, 'ya'yanta mata sun ce a bar nasu. Ta biyu, kun sayi sabulun unguwar nan kaf, ba ku bar ko gutsure ba." Na ɗaga wayar na juya musu fuskarta. "Ga shi. Ja ne. Ya fi na ranar da ta rasu ja. Cinikinmu ba ya zuwa Legas, bai taɓa zuwa ba. Ta uku..."

Aminiyar Gwaggo ta miƙe zumbur. "Mutanen ƙetaren kogi ne! Ba su sami labarin rasuwar ba! Wa ke da ɗan'uwa mai kwalekwale?"

Wuri ya kaure. Wata na cewa a aika, wata na cewa ai motar maigidana ce ta makara, wata na dariya har da riƙe ciki. Na buga ƙafa na ce a yi shiru. Sai matashiyar nan mai yara ta taso, tana kwance bakin zanenta.

Ta ce, "Baban Gwaggo, ka ce ja ne?"

Na ce, "Jawur."

"To ya yi araha ke nan. Ga zubina."

Na ce, "Ke, ki ji da kyau. Zai iya ƙara faɗuwa. Naira za ta iya sake faɗuwa. Kuɗin nan zai iya tafiya, ba ni da ikon dawo da shi, kuma babu sauran 'yan kunne a gidan nan."

Ta ce, "Mun sani, Baba. Ranar da aka ƙone mana kaya, kowa a ɗakinta take ita kaɗai, ba wanda ya zo ya karanta mana. Wannan in zai faɗi, muna zaune tare muna kallonsa, kuma mai faɗa mana ba ya ƙarya."

 Na duba jerin maganata, babu wurin wannan a ciki. Kafin in buɗe baki bakin zannuwa sun fara kwancewa ta ko'ina, ana turereniya, aminiyar Gwaggo na dukan kaskon da matsami wai a bi layi. Mata biyu suka ce su a sayar da nasu, suna da buƙata, na ce haƙƙinsu ne, babu mai hararar su.

Na ce, "To ku zauna. Maganata ta uku ta canza." Aka yi guɗar da ta sa masu babur tsayawa a titi. Na jira ta lafa, sannan na kafa sharuɗɗa. Ba a zuba kuɗin abinci, ba a zuba kuɗin makarantar yara. Da sefa za a riƙa faɗin farashi. Kuma ba za a ci gaba da tara komai a kan agwagwa ɗaya ba, sai an ƙara wani kamfani.

Aminiyar Gwaggo ta ce, "Ba dai masu taliya ba!"

Na ce, "A dafa a sake ɗanɗanawa."

Ta ce, "Allah Ya sa marigayiya ba ta jinka."

Washegari da safe ina kan hanyar sito na bi ta gaban shagon dattijon nan mai tireda. Motar ta iso, an sauke sabon kaya. Na hango kwalayen a can ƙarshen kanta, bayan na wani kamfani, agwagwa na kallon bango. Har yanzu ina kan bakana: juya kwali a Kilomita Biyar ba ya ƙara ko sisi a Legas. Na wuce shagon. Sai na dawo. Na shiga, na jawo su gaba ɗaya bayan ɗaya, na goge da hannun riga, na juyo da fuskokinsu titi, na daidaita layin. Na juya zan fita.

Dattijon ya ce, "Baban Gwaggo, ba ka gama ba."

Na duba kantar. Na ce, "Me ya saura?"

Ya ce, "Faɗan. Da gangan na juya su tun asuba."

Na gyara tsayuwa. Na ce, "Alhaji, na farko, kantarka ƙazama ce."

Ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa, ya ce, "Ci gaba, ci gaba."

Allah Ya gafarta wa Gwaggo, Ya wanke ta fes daga kurakuranta, Ya sa abin da ta zuba a can ya yi ta hawa ba sauka.